Kundin farko na Asa: mu muka fara jin daɗinsa, ko sai da Faransa ta yaba?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana a kan kundin waƙoƙin Asa na farko, wanda ya fito a 2007 ta sa masa sunanta. A ganina har yau ba a yi mawaƙin Najeriya, mace ko namiji, da ya fito da kundin farko mai nauyin wannan ba. Yarinya 'yar shekara 25, da jitarta a hannu, ta fito a lokacin da kasuwa ba ta son komai sai kiɗan rawa. A shekarar ne P-Square suka saki Game Over, duk shagon mai faifai da ka wuce a titin Ahmadu Bello shi ke tashi. Ita kuwa sai ta zo da murya a kwance, ba ihu, ba gaggawa, da salon nan na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira sol, ta gauraya shi da rege da Yarbanci. Kuma mutane suka tsaya suka saurara.

Abin da ke damuna shi ne duk wanda zai yi maganar kundin nan sai ya fara da cewa ya ci lambar yabo a Faransa, kamar lambar ce ta ba shi daraja. Ni ban yarda ba. Mun ji shi, ya shige mu, tun kafin Bature ya miƙa mata komai.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yabon gwani ya zama dole, kundin ya yi kyau, ba na ja. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne ya fitar da shi? Kamfanin Naïve ne, na Faransa. Ita kanta a Faris aka haife ta a 1982 kafin iyayenta su dawo da ita Legas. Ta yi shekaru tana yawo da jitar nan a Legas, wa ya kula ta? Sai da ta fita aka ɗauke ta a can, sannan muka ce ashe tamu ce. Halinmu ke nan, kuma bai canza ba.

Maman Iman:
Baban Khalifa, duba tsarin lokacin. A farkon 2008 aka yi bikin Hip Hop World Awards a Legas, wanda yanzu ake kira Headies, kuma kundin Asa ne ya ci kundin shekara. Lambar Faransa, Prix Constantin, sai wajen ƙarshen 2008 ta zo. To wa ya riga wa?

Baban Khalifa:
Lambar gida ta riga, na ji. Amma kuɗin waje ya riga lambar gida. Da ba a zuba kuɗin nan an yi aikin da kyau ba, me alƙalan Legas za su saurara?

Sadiq Mai Sutudiyo:
Ku bar ni in shigo nan, don wannan sana'ata ce. Yallaɓai Baban Khalifa, akwai gaskiya a maganarka, amma ka tsallake mutum ɗaya, Cobhams Asuquo. Shi ne ya haɗa kiɗan kundin, ɗan Najeriya ne, a Legas yake, kuma makaho ne. Da hannunsa a rubuta waƙoƙin Jailer da Fire on the Mountain na cikin kundin. Kunnen da ya tsara abin nan namu ne, ba na Faransa ba.

Ku sa abin ji a kunne ku saurari Jailer daga farko. Jita ce ke buɗewa, sai murya ta hau, sauran kayan kiɗan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san gurbinsa, babu mai taka wani. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne filin da aka bari. Mu a nan idan yaro ya zo yin waƙa, duk wani gurbi da ya ji shiru sai ya ce a cusa masa wani abu, a ƙara fiyano, a ƙara kalangun kwamfuta, a ja muryar da na'ura har ta koma kamar ba ta mutum ba. A kundin Asa kana jin numfashinta tsakanin baiti da baiti. Kana jin yatsa yana zamewa a kan tsirkiyar jita. Ba kuskure ba ne aka manta, da gangan aka bar shi.

Ummi Rigasa:
Ni fa ina firamare lokacin da ya fito. A waya na tsince shi, yayata ce ta tura min Bibanke. Ban san abin da take cewa a ɓangaren Yarbancin ba amma sai da na yi hawaye. Akwai mai fassara mana?

Anti Bose:
Ummi ƙanwata, ga ni. A Tudun Wada aka haife ni, Yarbanci a gida, Hausa a waje, don haka kunne biyu nake jin kundin nan da su. Bibanke magana ce ta macen da aka yaudara, tana cewa idan ta fara kuka a ƙyale ta ta yi abinta, kar a rarrashe ta. Shi ya sa ya taɓa ki ko ba ki ji kalmomin ba.

Kuma nan ne nake da ƙorafi a kan masu sharhin Turai. Sun yaba, ba a ce ba su yaba ba. Amma abin da suka fi yi shi ne kwatanta ta da mawaƙiyar Amurka Tracy Chapman, saboda ga baƙar mace, ga jita, ga gashi a murɗe, ga waƙar da ke taɓa zalunci. Sun kama abin da suka sani ne kawai. Rabin ran kundin yana cikin waƙoƙin Yarbanci. Ku ɗauki Awe. Labari ne take bayarwa na wani saurayi da rikicin juna biyu da ya tashi a cikin dangi, tana jero sunayen iyaye da kakanni yadda tsofaffin matanmu ke yi idan ana sasanci a tsakar gida. Akwai ban dariya a ciki, akwai tsegumi, akwai kunya. Bafaranshe zai ji daɗin karin, amma ba zai san dalilin da ya sa mahaifiyata take dariya har da riƙe ciki idan an sa ta ba. Eye Adaba kuma kamar addu'ar asuba ce, kurciya take kira ta sauko da alheri. Wanda bai ji wannan ba, me ya ji har zai yanke wa kundin hukunci?

Baban Khalifa:
To Anti, ai kin ƙarfafa maganata ne ta wata hanya. Sun ba da lambar ba tare da sun fahimta ba, mu kuma muka ɗauki lambar muna alfahari da ita.

Anti Bose:
A'a Yaya, ban ce ba su fahimci komai ba. Murya ba ta buƙatar tafinta, ga Ummi nan shaida. Cewa na yi sharhinsu bai cika ba, kuma mu ne ya kamata mu cika shi, ba mu yi ba.

Malam Ɗanjuma Kakuri:
Yara, ku ba tsoho wuri. Ni ba ma'abocin waƙar zamani ba ne, 'yata ce ta riƙa sa faifan nan a gida har na haddace karinsa. Abin da ya kama ni shi ne Fire on the Mountain, kuma sai kun tuna yadda 2007 ta kasance kafin ku gane dalili. A watan Afrilu aka yi zaɓen da shi kansa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a bainar jama'a cewa akwai kura-kurai a cikinsa. Yankin Neja Delta yana ci da wuta. Mu nan Kakuri masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, magidanta da suka yi shekara ashirin suna aiki sun koma acaba. Ga tabon rikicin 2000 da na 2002 bai warke ba, gari ya rabu, wasu sun tsallaka kogi sun koma kudu, wasu sun dawo arewa. Sai ga yarinya tana cewa dutse ya kama da wuta amma babu mai gudu. Wallahi da 'yata ta fassara min, shiru na yi, don mu take nufi ko ba ta taɓa taka Kaduna ba.

Kuma salon nata ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, me yake riƙewa? Kuntigi, tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka waƙa, ya yi maganar auren dole. Mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya yana gaya wa jama'a halin da suke ciki. Da na ji yarinyar nan, shi na tuna.

Yakubu Barnawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan kwatancen ya fi na Tracy Chapman zama. Ni jita nake kaɗawa a majami'a, kuma zan gaya muku abin da kundin nan ya yi mana. Kafin 2007, yaro idan ya ce zai koyi jita, dariya ake masa, a ce ya je ya koyi fiyano ya samu na biki. Bayan fitowar Asa, duk taron matasa da za a yi a Barnawa ko Narayi sai ka ga yarinya ta hau da jita tana gwada Jailer. Riƙonta ba shi da wuya, ɗan koyo zai iya kama shi, shi ya sa ta zama waƙar fara koyo. Wahalar tana cikin muryar. Asa tana da wani kauri a ƙasa-ƙasa da ɗan dishi, ba ta hawa sama don ta burge kowa. Masu kwaikwayonta a nan suke faɗuwa, sai su yi ta jan murya suna lanƙwasa ta, alhali ita ba ta yi.

Ɗan Samaru:
Ina neman afuwa, amma tun ɗazu yabo kawai nake gani, an ce muhawara ce. Ni ina da suka. Na farko, waƙoƙin Turancin ba duka suka kai na Yarbancin ba. Akwai inda kalmomin suka zama wa'azi tsagwaronsa, a zauna lafiya, a so juna, irin abin da kowa zai iya faɗa. Jailer ta tsira domin akwai tunani a cikinta, cewa mai tsaron kurkuku shi ma ɗaurarre ne, su biyun duk kaki suke sawa. Amma ba kowace ce ta kai haka ba. Na biyu, kiɗan ya yi santsi da yawa. An goge shi yadda zai shiga gidan shan shayi a Faris ba tare da ya dami kowa ba. Wadda ta tashi tana jin faifan Fela a tarin faifan mahaifinta, na so in ji ɗan zafin nan.

Maman Iman:
Ɗana, suka ta farko na karɓa rabi. Gaskiya ne ba duka waƙoƙin suke tsayi ɗaya ba. Amma ta biyu ban karɓa ba sam. Me ya sa sai mace ta yi ruri kafin a yarda tana cikin fushi? Fela yana da hanyarsa, da ƙahoni da mata masu amshi da waƙar minti ashirin. Ita ta zaɓi ta faɗi magana mai ɗaci da murya mai sanyi, kuma hakan ya sa ta shiga gidajen da ba a taɓa sa Fela ba. Ga Baba Ɗanjuma ya ji ta a ɗakinsa. Kuma ba Fela kaɗai ta tashi tana ji ba, akwai Marvin Gaye da Aretha Franklin da Bob Marley da Sunny Ade a cikin faifan nan na mahaifinta.

Sadiq Mai Sutudiyo:
Ɗan Samaru, santsin da kake ji tsabtar ɗauka ce. Ba laifi ba ne a ɗauki sauti da kyau. Mun saba da gurɓataccen sauti ne har muna ganin shi ne na gida.

Ɗan Samaru:
Oga Sadiq, ban ce a ɓata sauti ba. Ka saurari yadda take yin waƙoƙin nan a gaban jama'a da makaɗanta, za ka ji sun fi na faifan rai. Wannan nake nufi.

Sadiq Mai Sutudiyo:
Nan kam na ba ka. A dandali ta fi sakewa.

Ummi Rigasa:
Tambaya ta biyu don Allah. Me ya sa ba mu da irinta da Hausa?

Yakubu Barnawa:
An gwada, ƙanwata. Jeremiah Gyang daga Jos ya yi Na Ba Ka, kuma ta zagaya ƙasar nan. Bez, shi ma a Jos aka haife shi, ya fitar da kundinsa na farko Super Sun a 2011, Cobhams ɗin nan dai ne ya haɗa masa, har akwai waƙa a ciki mai suna Zuciya Ɗaya. Jaridar Boston Globe ta Amurka ta sa shi cikin jerin fitattun kundayen shekarar a rukunin kiɗan duniya. Ga Praiz, wanda a nan Kaduna ya tashi, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Kadpoly, ya shiga gasar waƙa ta Project Fame a 2008, ya fitar da Rich & Famous a 2014. Duk sun san Arewa. Amma Bez da Praiz sai da suka koma kudu kafin a ji su.

Baban Khalifa:
Kun gani? Bez ma sai da jaridar Amurka ta ambace shi. Yanzu Yakubu da kansa da ita ya kafa hujja.

Maman Iman:
Ya kafa hujja da ita ne domin ita ce aka rubuta. Kuma nan nake son zuwa tun farko. Bature ba ya fin mu kunne, rubutu ya fi mu. Idan kundi ya fito a can, akwai wanda aikinsa ke nan ya zauna ya saurara daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, ga dalili. Bayan shekara goma idan kana neman yadda aka karɓi kundin, rubutunsa za ka tarar. Namu jin daɗin a cikin mota aka yi shi, a ɗakin kwanan ɗalibai, a shagon tela, ya tafi da iska. Abin da Anti Bose ta faɗa ɗazu a kan Awe ya fi yawancin abin da na karanta zurfi, amma a ina aka ajiye shi? Shi ya sa yau idan aka tashi ba da tarihin kundin sai a fara da Faransa.

Ɗan Samaru:
Mama, kar mu yi wa kanmu rashin adalci, muna da manazarta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kan waƙar baka da makaɗan Hausa. An rubuta tarihin Shata, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi. Mujallar Fim tun 1999 take bin harkar finafinai da mawaƙansu. A sashen Hausa na jami'o'inmu kundayen digiri a kan mawaƙa ba sa ƙirguwa.

Maman Iman:
Na sani, kuma ina girmama su. Amma nazarin jami'a yakan zo ne bayan mawaƙi ya tsufa ko ya rasu. Ina maganar sabon kundi, na sabon mawaƙi, a makon da ya fito. Wa ke yi masa wannan da Hausa? Abin da muke da shi a Facebook biyu ne, ko masoya su ce babu kamarsa, ko 'yan adawa su zage shi. Wanda zai ce waƙa ta uku ta fi ta ɗaya saboda kaza, amshin ta biyar ya yi tsawo, babu shi.

Sadiq Mai Sutudiyo:
Hajiya, ko an samu mai rubutun, sai an samu kundin da zai rubuta a kai. Yawancin aikin da ke shigo mana na biki ne, na siyasa, sai na fim. Mai biki yana son waƙarsa kafin ranar kamu, ɗan siyasa yana son tasa jiya. Wa zai biya mai jita da mai ganga da mai sarewa su yi wata guda suna gwaji a kan waƙa goma da ba a ambaci sunan kowa a ciki ba? Ga wuta, rabin kuɗin zama a man janareta yake tafiya. Na ɗauki yara masu muryar da in kun ji sai tsigar jikinku ta tashi. Akwai wata da ta zo da waƙar da ta rubuta wa mahaifiyarta, muka ɗauka da jita kaɗai, ban taɓa muryar da na'ura ba. Da ta kai wa masu tura waƙa a waya a kasuwa, suka ce ba ta da kiɗa, ba mai saye. Ta dawo ta ce in sa mata irin na kowa.

Anti Bose:
Kai, wannan ya taɓa ni. Asa ma akwai So Beautiful a kundin, ta mahaifiyarta ce. Ka ajiye ta farkon?

Sadiq Mai Sutudiyo:
Tana nan Anti, ban goge ba. Amma ba tawa ba ce, sai da izininta.

Malam Ɗanjuma Kakuri:
Akwai kuma abin da ba ku faɗa ba. 'Ya mace a gidan Bahaushe ta ce za ta rungumi jita ta hau dandali, kun san abin da za ta tarar a gida da unguwa. Barmani Choge ta yi, da ƙwaryarta, amma a cikin mata ta fara, a gidajen biki da suna. Ba na cewa iyaye ba su da hujja, ni ma uba ne. Ina cewa ne a sa wannan a lissafi idan ana tambayar me ya sa ba mu da irinta.

Baban Khalifa:
Wannan gaskiya ne Baba. Ni dai har yanzu ina kan bakata a abu ɗaya. Mawaƙiya Sade a Ibadan aka haife ta a 1959, a Ingila ta yi Diamond Life a 1984, ya ci kundin shekara na Birtaniya a 1985, sai ga mu muna cewa 'yarmu ce. Asa ta bi ta Faransa. Yarinyar Sadiq, idan gobe wani gidan rediyon waje ya sa waƙar nan tata, waɗannan masu turin da suka ƙi ta su ne za su fara nemanta.

Maman Iman:
Wataƙila. Amma Sade ba ta tashi a nan ba, tana ƙarama aka tafi da ita. Asa a Legas ta girma, a makarantar kiɗa ta Peter King ta koyi jita, da Yarbanci ta yi kukanta. Kuma ba ta tsaya ba, Beautiful Imperfection ya biyo a 2010, Bed of Stone a 2014, kuma duk lokacin da ta yi wasa a Legas jama'a ne ke rera mata waƙoƙin kundin farko baiti-baiti. Ba alƙalan Faris suka koya musu ba.

Ummi Rigasa:
Yaya Sadiq, don Allah ka tambaye ta. Ko mu nan kawai mu ji.

Sadiq Mai Sutudiyo:
Zan kira ta gobe in Allah ya kai mu. In ta yarda zan sa, da sharaɗin Ɗan Samaru ya faɗi ra'ayinsa a hankali, don yarinya ce kuma ba ta saba ba.

Ɗan Samaru:
Zan faɗa da ladabi, Oga, amma in akwai gyara ba zan ɓoye ba.